Yadda ake gwada firemwok kafin a gina manhajar waya da fasahar yanar gizo

Matasan da ke koyon rubuta manhaja a nan Gusau, da zarar hannunsu ya faɗa a HTML da CSS da ɗan JavaScript, sai su fara ɗokin ganin aikinsu ya zama manhajar waya sosai, mai tambarinta a fuskar waya, wadda za a tura wa mutum ta Xender ko ya sauke a Play Store. Buri ne mai kyau, kuma ana cim masa ba tare da an koyi Kotlin ko Swift, yarukan rubuta manhajar Android da iPhone na asali, ba. Inda ake cijewa shi ne wajen zaɓen firemwok, wato tarin kod da aka riga aka shirya wanda ake ɗora manhaja a kansa. Wannan ya ce Ionic, wancan ya ce Framework7, wani kuma ya kalli bidiyo a YouTube ya dawo ba ya jin kira sai Quasar. Duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce: kada ka zaɓa don ka ji ana yabo, kada kuma ka yanke hukunci a kan kwamfutarka. Nemo wayar da ta fi rauni a cikin wayoyin waɗanda za su yi aiki da manhajar, ka kashe mata data, ita za ta gaya maka gaskiya. Ga yadda nake bi.

Da farko a san abin da ake magana a kai. Manhaja ruwa-biyu shafin yanar gizo ne da aka sa cikin ƙwanson manhajar waya. A cikin ƙwanson akwai burauza marar wurin rubuta adireshi, sunanta WebView. Ita ke nuna HTML da CSS ɗinka, ita ke gudanar da JavaScript, kuma fayilolin suna zaune cikin wayar, ba daga intanet ake jawo su ba. Idan kod ɗinka na bukatar kyamara ko GPS ko Bluetooth, sai ya aika saƙo zuwa wani ɗan guntun kod da aka rubuta da yaren wayar na asali, shi ya yi aikin ya dawo da amsa. Wannan guntun shi ne fulogin. Riƙe waɗannan biyun da kyau, WebView da fulogin, don kusan duk wata matsala da za ka gamu da ita daga ɗayansu take fitowa.

Abu na biyu da ke rikita masu farawa: sunayen da ake jerawa ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu ƙwanso ne, wasu kuma kayan fuska ne, wato maɓallai da jeri da shafuka da yadda suke zamewa.

A ɓangaren ƙwanso, PhoneGap ne kakansu. Wani kamfani a Kanada mai suna Nitobi ya ƙirƙiro shi, Adobe ta sayi kamfanin a 2011, aka miƙa kod ɗin ga gidauniyar Apache ya koma Cordova. A 2020 Adobe ta rufe PhoneGap, Cordova dai yana nan da ransa amma yawancin sababbin ayyuka sun koma Capacitor, wanda masu Ionic suka fitar da cikakken zubinsa na farko a 2019. Bambancin da ya fi damuna tsakaninsu shi ne wannan: Cordova yana so ka rubuta bukatunka a fayil ɗin config.xml, shi ya haɗa maka aikin Android a bayan fage, ya kuma sake haɗa shi duk sanda ya ga dama. Capacitor kuwa miƙa maka aikin Android Studio (manhajar kwamfuta da ake gina manhajojin Android da ita) yake yi a hannu, ka buɗe, ka gyara, ka ajiye tare da sauran kod ɗinka. Ranar da wani abu ya ƙi, kana ganin inda ya ƙi. Akwai kuma Tauri, wanda zubinsa na 2 ya shigo waya a 2024, sai dai bayansa da yaren Rust aka gina shi, kuma ban cika tura mai farawa can ba.

A ɓangaren fuska akwai Ionic, tun 2013, wanda yanzu yake tafiya da Angular da React da Vue, manyan kayan gina shafin yanar gizo da JavaScript. Akwai Framework7 na Vladimir Kharlampidi, wanda kana iya amfani da shi da JavaScript zalla. Akwai Quasar, na mutanen Vue. Akwai Onsen UI daga Japan. Kowannensu yana iya zama cikin Capacitor ko Cordova. Saboda haka tambayar "Ionic ko Capacitor?" ba ta ma taso ba, zaɓi biyu ne daban za ka yi.

React Native na Facebook da NativeScript suna amfani da JavaScript, amma ba WebView ke zana fuskarsu ba, don haka CSS da HTML ɗin da ka iya ba za su bi ka can yadda suke ba. Flutter na Google kuma da yaren Dart ake rubuta shi. Dukansu kayan aiki ne na ƙwarai, sai dai ba su cikin wannan gwajin.

Kafin ka sauke komai, ɗauki takarda ka rubuta abin da manhajar za ta taɓa a jikin waya, da wanda zai riƙe ta, da inda zai tsaya. Bari in ba da misalin aikin da na fi sani. Wani Alhaji ne mai sayen waken suya da masara, yana da yara a kasuwannin ƙauye, daga Talatar Mafara har Ƙauran Namoda. Da na tambaye shi me yake so, cewa ya yi, "Malam, ni dai in yaro ya ce ya sayi buhu kaza, in gan shi a rubuce, da sunan wanda ya sayar da kuɗin da aka ba shi, ba sai na jira ya dawo da littafi ba." Shi ke nan bukatarsa. Amma da na bi ɗaya daga cikin yaran kasuwa, sai takardata ta cika. Yana tsaye ne tsakanin buhuna, rana na dukan gilashin wayar, hannu ɗaya na riƙe da bakin buhu, da babban yatsa kaɗai yake latsawa, yatsan ma duk ƙura. Wayar Itel ce mai tsagaggen gilashi, cajinta ya yi ƙasa tun kafin azahar, ma'ajiyarta cike da bidiyon WhatsApp. Mai kaya na tsaye yana jiran rasit, 'yan dako na jiran a ce su ɗauka. Sabis kuwa sanda ɗaya, ta zo ta tafi. Daga nan na san manhajar na bukatar abu huɗu daga waya: ajiya mai aminci ba tare da intanet ba, kyamara don hoton kaya, firinta ta Bluetooth don rasit, da aika bayanai idan sabis ya samu. Firemwok ɗin da ya kasa ɗaya daga ciki ya fita, komai kyan maɓallansa.

Idan takardarka ta fito babu firinta, babu wani abu mai zurfi na jikin waya, tsaya ka tambayi kanka ko kana bukatar ƙwanso ma. Shafin yanar gizo irin wanda ake kira PWA yana iya zama a fuskar waya, ya buɗe ba data, ya ɗauki hoto. Sau da yawa ya wadatar, kuma ya raba ka da wahalar Android Studio.

To, a ce kana bukata. Zaɓi biyu ko uku daga cikin kayan fuskar, ka gina ɗan gwaji iri ɗaya da kowanne. Kada ya wuce shafi uku: shafin jeri mai layuka dubu biyu ko fiye na bayanan ƙarya, shafin cike fom mai ɗaukar hoto, da shafin da ke taɓa abin da ya fi wuya a takardarka. Kada ka ɓata lokaci a kan launi. Da Capacitor matakan gajeru ne: npx cap add android ya ƙirƙiro aikin Android, npx cap sync ya kwafe fayilolinka ciki, npx cap open android ya buɗe Android Studio. Ginin farko yana cin data sosai saboda Gradle, mai haɗa manhajar a cikin Android Studio, zai sauke kayansa, don haka ka yi shi inda kake da intanet mai ƙarfi da wuta, kuma kwamfuta mai RAM ƙasa da gigabait 8 za ta sha wuya. Ka fitar da zubin da za a raba wa mutane, ba na gwajin masu gini ba, don saurinsu ba ɗaya ba ne.

Sannan ka sayi ko ka aro wayar gwaji. Ba taka ba. Mafi yawan wayoyin da ke hannun mutanenmu Tecno ne da Itel da Infinix, duk na kamfanin Transsion, kuma ƙananan cikinsu da yawa Android Go suke ɗauke da shi, wanda Google ta fitar a ƙarshen 2017 don wayoyi masu ƙaramin RAM. Wayar kwaikwayo ta cikin Android Studio da ƙarfin kwamfutarka take gudu, ba za ta nuna maka abin da yaron kasuwa zai gani ba.

Abin da nake fara dubawa a wayar shi ne zubin WebView ɗinta, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da bidiyoyin koyarwa ba sa faɗa. Tun Android 4.4 WebView ya koma kan injin Chromium, kuma tun Android 5.0 a 2014 ake sabunta shi ta Play Store, daban da sauran wayar. Ga wanda ke da Wi-Fi a gida wannan alheri ne, kullum burauzarsa sabuwa ce. A wurinmu fa? Mutum ya sayi waya, aka tura masa manhajoji ta Xender a shagon caji, bai taɓa buɗe Play Store ba, ko kuma ya kashe sabuntawa don kada ta cinye masa data. WebView ɗinsa yana nan yadda ya fito daga kwali shekaru da suka wuce. Kai kuma ka rubuta kod da salon zamani, misali alamar ?. wadda sai a Chrome 80 ta shigo, a 2020. Tsohon WebView yana cin karo da ita sai ya tsaya cak, manhajar ta buɗe fari fat, babu saƙo, babu komai. Mai waya ba zai ce WebView ɗinsa ya tsufa ba, cewa zai yi manhajarka ba ta aiki.

Don ka gani, shiga saitin wayar, ka latsa lambar gini sau bakwai har zaɓin masu gini ya buɗe, a ciki akwai inda ake nuna WebView da lambarsa. Sai ka je takardun kowane firemwok ka nemo mafi ƙarancin zubin da ya yarda da shi. Ionic 8, alal misali, Chromium 89 zuwa sama yake nema. Ka duba wayoyi da dama na ainihin masu aikin, ka rubuta lambobin. Idan da yawansu suna ƙasa da abin da firemwok ke nema, hanya biyu ce: ko dai a tara wayoyin a sabunta musu WebView kafin a raba manhajar, abin da zai yiwu idan yaran Alhaji ɗaya ne, ko kuma ka ɗauki kayan da ya fi haƙuri da tsofaffin burauza, ka kuma saita na'urar haɗa kod ɗinka ta sauko da shi zuwa tsohon salo. Idan manhajar ta jama'a ce da ba ka san wayoyinsu ba, ta biyun ce kawai mafita.

Da kebul na USB, ka buɗe chrome://inspect a Chrome na kwamfutarka, za ka ga abin da ke gudana cikin WebView na zubin gwaji kamar shafin yanar gizo, da kurakuransa duka. Wannan na daga cikin manyan dalilan da suka sa nake son wannan hanya: kayan binciken da ka riga ka saba da su suna aiki.

Sai sauri. Rufe manhajar gaba ɗaya, ka buɗe, ka ƙirga daga latsawa zuwa lokacin da za a iya rubuta wani abu. Ka maimaita bayan ka buɗe WhatsApp da Facebook a baya, don haka wayar take a rayuwa. Sannan ka shiga dogon jerin nan ka ja shi da ƙarfi. WebView ba ya son dubban abubuwa a shafi ɗaya, maganin shi ne a zana layukan da ido ke gani kawai, a riƙa musanya su. Framework7 da Quasar suna zuwa da wannan a cikinsu. Ionic ya cire nasa a zubi na 7, ya ce kowa ya ɗauko daga Angular ko React ko Vue. Ba aibi ba ne, amma ƙarin aiki ne, ka sa shi a lissafi.

Yanzu ga babbar magana, ajiya. Duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021 ya san abin da ake nufi da rashin sabis. Hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe layuka a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira, babu data, mai son aika saƙo sai ya tsallaka wata jiha. Ko ba irin wannan ba, ƙauyuka da yawa har gobe sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. Saboda haka ni a wurina wayar ce rumbun bayanai na farko, saba, wato kwamfutar da ke tara bayanan a intanet, ta biyo baya. Duk abin da yaro ya rubuta, a ajiye shi a waya nan take, a sa shi a layin jiran aikawa.

Tambayar ita ce a ina za a ajiye. WebView na da ma'ajiya biyu nasa, localStorage da IndexedDB. localStorage ƙarami ne, kusan megabait 5, kuma takardun Capacitor da kansu sun yi gargaɗi cewa waya na iya share shi idan wuri ya ƙure mata. IndexedDB ya fi girma, a Android ana iya roƙon a dawwamar da shi, amma a iPhone shi ma ba abin dogaro ba ne. Lissafin kuɗin mutane ba na sa shi a ɗayansu. SQLite, wani ɗan rumbun bayanai, nake amfani da shi ta hanyar fulogin, ya zama fayil ne a cikin ma'ajiyar manhajar kanta. Don haka a gwajinka ka haɗa fulogin ɗin SQLite tun ranar farko, ka ga yadda yake shiga da kowane ƙwanso. Ka rubuta bayanai, ka cika wayar da bidiyo har ta fara kukan wuri, ka kashe ta ka kunna, ka ga ko suna nan.

Wajen aikawa ma akwai tarko. Rashin sabis gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan sabis mai yaudara, inda waya ke nuna 4G amma ba abin da ke wucewa. navigator.onLine, abin da JavaScript ke duba intanet da shi, zai ce maka akwai intanet alhali babu. Kada ka yarda da shi, ka gwada aikawa, ka sa wa'adin jira, idan ya wuce ka bar bayanin a layi. Wani lokaci kuma saƙon ya isa saba, amsar ce ta ɓace a hanya, waya ta sake aikawa, sai Alhaji ya ga buhu hamsin sau biyu. Maganinsa kowane bayani ya samu lambar shaida tasa tun a waya, saba ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Wannan ba firemwok ke yi maka ba, kai za ka rubuta, amma gwajin zai nuna maka wanne ne ya bar maka hanya a sarari. Hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce ka fara aikawa, ka kunna yanayin jirgin sama a tsakiya. Kada kuma ka dogara ga aikawa a bayan fage: ƙananan wayoyi suna kashe manhajar da ba a gani don tattalin batir, kuma JavaScript na cikin WebView yana tsayawa da zarar an rufe. Ka sa maɓalli babba na aikawa, da lambar da ke nuna saura nawa ba su tafi ba. Yaran sun fi yarda da abin da suke gani.

Kyamara na da nata halin. Lokacin da manhajarka ta kira kyamara, wata manhaja ce daban ke buɗewa, taka ta koma baya. A waya mai ƙaramin RAM, Android na iya kashe taka don ya samar wa kyamara wuri. Yaro ya cike fom, ya ɗauki hoto, ya dawo ya tarar manhajar ta fara daga farko, duk abin da ya rubuta ya tafi. A wayarka mai tsada ba za ka taɓa ganin wannan ba. Cikin zaɓin masu gini akwai wanda ke hana waya riƙe shafukan da aka bari, ka kunna shi ka gwada. Capacitor yana da appRestoredResult don karɓo hoton bayan an tayar da manhajar, Cordova ma yana mayar da sakamakon ta hanyar resume, amma fom ɗin kai ne za ka ajiye shi kafin ka kira kyamara. Ka kuma rage girman hoton kafin ajiyewa, don hoton buhu ba ya bukatar megabait huɗu.

Firinta ita ce inda fulogin ke nuna ko na ƙwarai ne. Ƙananan firintocin rasit masu takarda milimita 58 yawanci da umarnin ESC/POS suke aiki, kuma da yawansu tsohon nau'in Bluetooth suke amfani da shi, ba mai tattalin batir ba. WebView ba ya magana da su kai tsaye, dole sai da fulogin. Ka sayi firintar tukuna, sannan ka nemi fulogin, ba akasin haka ba. Idan ka samu, duba ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe. Android 12 ya sauya yadda ake neman izinin Bluetooth, Android 13 ya sa sai an nemi izinin sanarwa, fulogin ɗin da aka yi watsi da shi kafin nan zai yi aiki a tsohuwar waya ya ƙi a sabuwa. Capacitor yana karɓar fulogin ɗin Cordova da yawa, ba duka ba. Ina kuma ba da shawara ka gwada rubuta ɗan ƙaramin fulogin da kanka, ko da mai dawo da yawan cajin batir ne. Wata rana za ka bukaci abin da ba wanda ya rubuta, gara ka san tsawon hanyar tun yanzu.

Akwai ƙananan abubuwa da ake dubawa cikin 'yan mintuna. Maɓallin komawa baya na Android: yana mayar da kai shafin baya, ko fitar da kai yake yi daga manhajar kana tsakiyar fom? Allon rubutu idan ya taso, yana rufe akwatin da ake cikewa? Wurin kuɗi da adadi yana fito da allon lambobi? Ka fita rana tsaka ka ga ko rubutun na karantuwa, don launin toka-toka da waɗannan kayan ke zuwa da shi ɓacewa yake yi a hasken Gusau.

Wanda ba na yafewa shi ne rubutunmu. Ka sa Ɗanladi da Ƙaura da ɓawo da alamar ₦ a cikin bayanan gwajin. Idan salon haruffan da ka ɗauko ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, waya za ta aro su daga wani salon, su fito a karkace kamar baƙi a cikin kalma, ko su zama akwati. Noto Sans yana da su. Ka sa fayil ɗin haruffan a cikin manhajar, kada ka jawo shi daga intanet. Wajen bincike kuma, wanda ya rubuta "Kaura" da k mai sauƙi ya kamata ya samu "Ƙaura", don ba kowa ke da allon Hausa ba. Firintar rasit kuwa sau da yawa ba ta san waɗannan haruffa ba sam, sai dai a aika mata rasit ɗin a matsayin hoto. Idan cikin masu aikin akwai waɗanda ajami ya fi musu sauƙi, kuma a kasuwanninmu suna da yawa, ka juya shafin da dir="rtl" ka ga ko jeri da maɓallai sun juya daidai. Ionic da Framework7 da Quasar duk suna da tanadin rubutun dama zuwa hagu, amma gani ya kori ji.

Bayan wayar ta gama nata, sai ka duba lafiyar aikin kansa, wato su wa ke riƙe da shi. Ionic da Capacitor da Framework7 da Quasar duk lasisin MIT gare su, Cordova kuma na Apache, ba wanda zai caje ka. Abin tsoro shi ne a tafi a bar ka. Waɗanda suka gina a kan Ionic na farko sun gina ne a kan AngularJS, da Google ta daina kula da shi a ƙarshen 2021 sai sake rubutu ya kama su. Waɗanda suka dogara da PhoneGap Build don haɗa manhaja sun nemi wata hanya a 2020. Ionic kansa kamfanin OutSystems ya saye shi a 2022. Framework7 kuwa nauyinsa kusan a wuyan mutum ɗaya yake, ko da yake ya daɗe yana ɗauke da shi. Ka shiga GitHub ka ga yaushe aka fitar da zubi na ƙarshe, ana amsa koke ko ba a amsawa, akwai takardar da ke nuna yadda ake hawa daga tsohon zubi zuwa sabo. Wannan na da muhimmanci saboda Google na ɗaga matakin Android da dole manhaja ta dace da shi kowace shekara, wa'adin yakan faɗo ƙarshen Agusta. Ƙwanson da bai bi wannan ba, wata rana Play Store zai ƙi karɓar gyaranka.

Batun Play Store, rajista dala 25 ce sau ɗaya. Asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 sai ya yi gwajin rufe da aƙalla mutum 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya saki manhaja ga jama'a, don haka ka tanadi mutanenka da wuri. Apple dala 99 ce duk shekara, ga shi sai da kwamfutar Mac, kuma suna ƙin manhajar da ba ta wuce shafin yanar gizo da aka naɗe ba. Ga irin aikin Alhaji ban ga dalilin kashe ko sisi a kan iPhone ba. Fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhajar a Android, da aka sa wa hannu, a tura wa yaran kai tsaye, ya isa. Makullin sa hannun dai ka adana shi wuri biyu, don idan ya ɓace sabon zubi ba zai hau kan tsohon ba, sai an cire, kuma cirewa na tafiya da bayanan da ba a aika ba.

Ba na son jadawalin maki, inda ake ba kowane firemwok bakwai cikin goma a tara. Yana ɓoye gazawar da ke kashe aiki a cikin matsakaicin lissafi. Ni cirewa nake yi: wanda ya buɗe fari a wayoyin mutanena ya fita, wanda ba shi da hanyar firinta ya fita. Idan duka suka faɗi a wuri ɗaya, misali aikin na bukatar bin sawun mota da GPS yini guda a bayan fage, ko sarrafa bidiyo, ko wasa mai motsi da yawa, to ba laifinsu ba ne, aikin ne ba na WebView ba, ka koma Kotlin ko Flutter ko React Native tun kafin ka yi nisa.

Ra'ayina, ga manhajar fom da jeri da lissafi, irin wadda 'yan kasuwa da makarantu da asibitocinmu suka fi bukata: Capacitor a ƙwanso, ban ga dalilin fara sabon aiki da Cordova ba. A fuska, wanda ya iya JavaScript zalla kuma yana aiki shi kaɗai, Framework7 zai kai shi da wuri. Wanda ke son abin da ya koya ya yi masa amfani wajen neman aiki a Abuja ko Legas ko ƙetare, Ionic da React ko Angular ya fi masa. Kowanne ka ɗauka, lissafin kuɗi da ajiya da layin aikawa ka rubuta su a fayiloli daban da ba su san sunan firemwok ba, yadda ranar sauya fuska ba za ta taɓa su ba.

Idan biyu suka tsallake duka, ka ba ɗaya daga cikin masu aikin wayar ya yi cin kasuwa guda da kowanne, ka tsaya gefe kada ka nuna masa komai, ka rubuta duk inda yatsansa ya tsaya yana nema. In har nan ma sun yi kunnen doki, tambayi wanda zai riƙe aikin ranar da ba ka nan me ya iya. In Vue ne, ku ɗauki Quasar ko Ionic da Vue ku fara.